Ɗan Jagoran Cikin Badala

Wanda ya sauka Kano karon farko, ko a tashar Unguwa Uku ko a filin jirgin Malam Aminu Kano, garin da yake fara gani na gadoji ne da manyan tituna da 'yan adaidaita sahu. Zai iya shekara guda a Sabon Gari ko Hotoro yana harkokinsa bai san inda kasuwar Kurmi take ba. Ranar da wata larura ta kai shi cikin gari, ya bar kwalta ya faɗa lungu, nan take lissafi zai kwance masa. Lungu ya rabu biyu, kowanne ya sake rabuwa, wani ya ƙare a ƙofar gidan mutane, ga "Ba Shiga" an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin zaure. Taswirar cikin waya tana nuna manyan hanyoyi daidai, amma a Dukawa ko Sheshe ko bayan Jakara ba ta san wace kwana ce ke ɓullewa ba.

Akwai mutanen da fitar da baƙo daga wannan ruɗu shi ne abincinsu. Ba su da rumfa a kasuwa, ba su da allon talla. Jarinsu ƙafa ne da baki da sanin mutane. Ana samunsu a harabar gidan tarihi na Gidan Makama, da bakin karofin Ƙofar Mata, da gindin Dala, wasu kuma sai a waya, otal ya kira su in ya yi baƙon da ke son ganin gari. Cikinsu akwai ma'aikacin gidan tarihi da ke haɗawa da aikinsa, akwai wanda ya karanta tarihi a jami'a, akwai ɗan marina da ya tashi yana jin ubansa na yi wa baƙi bayani har ya haddace ya ƙara da nasa. Aikin dai ɗaya ne: a ɗauki mutum a ƙafa, awa uku ko huɗu, a ratsa da shi tsohon birni, a sallame shi ya san gabas da yamma.

Sana'ar ta girmi yawon buɗe ido nesa ba kusa ba. Zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Fagge, fatake kuma na dawowa daga Gwanja da goro, baƙon da ya shigo Kano da kaya ba ya tunkarar kasuwa shi kaɗai. Yana da fatoma, maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso. Yaran gidan su ke yi masa rakiya, su nuna masa hanyar Kurmi da ta masallaci. Ɗan jagoran yau magajinsu ne, don abin da yake ba baƙo shi ne abin da suke bayarwa, wato sanin hanya da aron mutunci. Duk ƙofar da ta buɗe wa baƙo a cikin gari, albarkacin fuskar wanda ke gabansa ta buɗe.

Gwani a cikinsu daga Dala yake farawa, kuma da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi. Mutane suna zaton don tarihi ake hawa da baƙo, kuma lalle za a ba shi tarihin: yadda maƙera suka zauna a gindin dutsen saboda tama, yadda Barbushe ke shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai ya fito ya faɗa wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, yadda Bagauda ya kafa sarautar da masana ke lissafa farkonta daga shekarar 999. Amma babban amfanin hawan shi ne daga can ake ganin garin a shimfiɗe gaba ɗaya. In baƙo ya huta, numfashinsa ya dawo, sai ɗan jagora ya miƙa hannu: "Yallaɓai, ka ga koren kubbar can mai hasumiya biyu? Masallacin Sarki ke nan, Gidan Rumfa na jikinsa. Inda rufin kwano ya cunkushe tsakaninmu da shi, Kurmi ce. Wancan dutsen na yamma Goron Dutse. Can gabas inda benaye suka yi yawa, Fagge ce da Kwari da Sabon Gari." Abu huɗu ko biyar kawai yake so su zauna a kan baƙo, zai kuma sa shi ya maimaita da bakinsa, ya nuna da yatsansa. Mutumin da ya riƙe Dala da Goron Dutse da hasumiyar masallaci, ko ya ɓace a lungu, da ya fito sarari ya ɗaga kai zai gane inda yake. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, shi ma da ya zo Kano a 1851 dutsen ya hau ya kalli garin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa a kan mutum 30,000.

Daga nan sai ƙofofi. Sarki Gijimasu, da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Baƙo ba ya bukatar haddace ƙofofin duka a rana ɗaya, ɗan jagora mai hankali ma ba zai ɗora masa su ba. Waɗanda za su yi masa amfani yake zaɓa, ya ɗaure kowace da inda take kaiwa. Ƙofar Mata ta fitar da kai Fagge da Kantin Kwari. Ƙofar Nassarawa ta kai ka wajen gidan gwamnati. Kabuga hanyar Gwarzo ce da sabuwar jami'a, kuma ta wannan ɓangaren sojojin Ingila suka shigo garin a watan Fabrairun 1903, Sarkin Kano Alu yana Sakkwato. Ƙofar Ruwa ta haɗa ka da titin Katsina. Har yau da sunayen nan Kanawa ke kwatance, da su ɗan adaidaita ke kiran fasinja, saboda haka wanda ya san ƙofofi ya san yadda zai shiga abin hawa ba a yi yawo da hankalinsa ba.

Inda ake gane zurfin ɗan jagora shi ne in an sauko an shiga unguwanni. Tsohon birnin Kano ya rubuta tarihinsa a sunayen unguwanninsa, sai dai karatun na bukatar malami. Ayagi ta Yarabawa ce da suka zo fatauci suka zauna. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, kowace tana faɗin daga inda mutanenta na farko suka taso. A Dandalin Turawa dole ya tsaya ya yi bayani, don baƙo zai ɗauka 'yan mulkin mallaka ake nufi, alhali Larabawan Gadamas da Tarabulus ne da suka riƙe cinikin Sahara tun kafin wani Nasara ya taka garin. Madabo ta malamai ce, masu danganta kansu da Wangarawan da suka zo daga Mali, kuma har yanzu akwai sarautar Babban Malami na Madabo. Sharifai ta zuriyar Shehu Magili ce, wanda ya sauka a Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Soron Ɗinki, Dukawa, Lokon Maƙera, waɗannan sana'a ce ta raɗa musu suna. A Koki za a nuna masa unguwar Alhassan Ɗantata, a Gwammaja gidan Mambayya inda Malam Aminu Kano ya zauna kuma aka binne shi a 1983. Baƙon da aka bi da shi ta nan, musamman wanda ya taso daga kudu da fargaba a ransa, yakan gane wani abu da ba a faɗa masa a gida ba: garin nan baƙi ne suka cika shi tun fil azal, kakannin wasu daga cikin mutanen da yake gani a kan dakali ma ta hanyar da ya biyo suka biyo.

Tafiyar kanta tana da ladabi, kuma koyar da shi rabin aikin ne. Ɗan jagora ba ya wuce dattawa a majalisa bai rage sauri ya yi sallama ba, kuma tun a gindin Dala zai koya wa baƙo "sannunku da hutawa" da "ina kwana". Zai dubi suturar baƙon tun kafin a fito, in akwai gyara ya faɗa cikin lalama. Ba a ɗaga waya a ɗauki hoton mace ko almajirai ko mai sana'a sai an nemi izini, kuma shi zai nema, da irin kalaman da suka dace da wanda ake roƙo: "Baba, baƙo ne daga nesa, yana sha'awar aikin nan naku, ko za a ba shi dama?" Ya san lungun da ake zaman makoki yau, sai ya sauya hanya. Ya san ranar Juma'a ba a kusantar Masallacin Sarki da ayarin baƙi in rana ta take, ya san a bazara dole a gama kafin azahar, da hunturu kuwa ana iya jan tafiya. A Ƙofar Kudu zai gaida dogarai, ya bayyana wa baƙo cewa Gidan Rumfa gida ne da mutane ke zaune a ciki, ana kuma mulki a ciki, shiga sai da izini. Yara za su biyo baya, in baƙon fari ne har da kiran "Bature!" Yadda yake sallamarsu, da wasa ba da tsawa ba, shi ma gwaninta ne, don iyayensu na kallo daga zaure, gobe kuma ta nan zai sake biyowa.

A Kurmi ake jarraba amanarsa. Kasuwar tun zamanin Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma layukanta sun fi lungunan gari ƙunci: nan 'yan sirdi da kayan doki, nan huluna, nan turare, nan littattafan addini, nan ƙwarya da kayan fata. Baƙo zai so ya yi tsaraba, bai san farashi ba, bai iya tayi ba. Ɗan jagora ya san rumfar da zai kai shi, mai rumfa kuma ya san akwai la'ada. Ni ban ga aibin la'ada ba, tsohuwar ƙa'idar kasuwar Hausa ce, dillali da ita yake ci da iyalinsa. Aibin yana inda aka haɗa baki aka ninka wa baƙo kuɗi, wanda ya yarda da shi yana tsaye yana gyaɗa kai yana cewa an yi masa sauƙi. Baƙon zai gane, ko a otal ko a wurin abokin aikinsa, kuma daga ranar ya daina yarda da duk abin da aka faɗa masa a kan Dala, har da na gaskiyar. Nagari a cikinsu tun a bakin kasuwa yake cewa: "In an ce maka kaza, taya rabi, ku haɗu a tsakiya. In ya ce albarka, kada ka ji haushi, ƙara kaɗan." Ya bar baƙo ya yi cinikinsa da bakinsa, ya shiga tsakani in an tsaya. Wanda aka koya wa tayi a Kurmi zai iya shiga Kwari ko Singa gobe shi kaɗai. In yunwa ta taso kuma, Jakara na kusa, a zauna a ci gurasa bandashe.

Akwai kuma abin da wasu ke tsallakewa a Kurmi, cewa an sayar da bayi a cikinta har zuwa shigowar Turawa. Ɗan jagoran da ya faɗi wannan a fili, ba tare da ƙari ko kare-kare ba, ya fi daraja garinsa a kan wanda ya ɓoye.

Karofin Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala, shi ne wurin da baƙi suka fi sani tun kafin su zo, allon da ke ƙofarsa kuma ya ce tun 1498 ake rini a nan. Aikin ɗan jagora a wurin shi ne ya hana baƙo yin hoto ya wuce. Ya sa shi ya durƙusa ya ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiya a bar su su ruɓa, yadda marini ke tsoma zane ya ɗago, ya sake tsomawa, don iska ce ke juyar da launin daga kore zuwa shuɗi. Ya gaya masa cewa ƙulle-ƙullen da ke fitar da ado mata ne ke yin su a cikin gidaje, ya kai shi rumfar masu bugu ya ji yadda ake dukan zane a kan gungume har ya yi ƙyalli. Ya kuma nuna masa rijiyoyin da suka bushe, don sun fi masu aiki yawa, ya faɗa masa dalili: atamfa da shadda na kanti da rinin zamani sun cinye kasuwar.

Babbar cutar sana'ar nan ƙarin gishiri. Baƙo na son labari mai daɗi, tukuici kuma yakan bi daɗin labari, sai ka ji an ƙara wa gini ɗaruruwan shekaru, ko an ɗauki aikin wani sarki an ba wani. Masallacin Sarki na yanzu a 1951 aka kammala shi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ko da yake wurin ya daɗe yana masallaci. Ƙofofin da ake gani a bakin titi yawancinsu sabon gini ne, tsofaffin ƙyamaren ƙarfe sai a Gidan Makama. Faɗin haka bai rage wa Kano komai ba. Wanda ya ɗauki sana'ar da gaske yana karanta Tarihin Kano da littafin Alhaji Abubakar Dokaji, Kano ta Dabo Cigari, yana zama da dattawan unguwa da sarakunan ƙofa, kuma yana rarrabe wa baƙo magana: wannan a rubuce yake, wannan kuwa haka muka ji daga kakanni. Dukansu biyu ilimi ne, haɗa su a tukunya ɗaya ne ɓarna.

Samun kuɗin sana'ar bai taɓa tabbata ba. Babu tsayayyen farashi, abin da aka daidaita ne, wani lokaci ma "abin da ya sawwaƙa". A da kakarsu hunturu ce da lokutan Sallah, sa'ad da baƙi daga Turai da ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke cika gari don Hawan Daushe da Hawan Nassarawa. Harin da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012 ya katse wannan kusan dare ɗaya, ƙasashe suka gargaɗi mutanensu, otal-otal suka yi shiru, da yawa cikin masu jagora suka koma wasu neme-nemen. 'Yan'uwansu na Agadas sun riga su ɗanɗana irin wannan tun tawayen 2007, ga shi kuwa tsohon garin nasu ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, lokacin da masu zuwa kallo suka riga suka ɗauke ƙafa. A Disambar 2024 hukumar ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, kuma duk shekarar da dawaki ba su fito ba, ɗan jagora na cikin waɗanda ke ji a aljihunsu.

A ganina kuskure ne tun farko da aka ɗauka sana'ar ta Turawa ce. Masu bukatarta na nan a gida, sun kuma fi yawa. Kowace shekara ana turo 'yan bautar ƙasa Kano daga jihohin da ba su taɓa jin Hausa ba. Ɗalibai na zuwa jami'o'i, ma'aikata na zuwa canjin wurin aiki, 'yan kasuwa na zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ga kuma 'ya'yan Kanawa da aka haifa a Sharaɗa ko Tarauni ko Rijiyar Zaki, waɗanda ba sa shiga cikin gari sai gaisuwar Sallah, a mota, su fito ba su san sunan lungun kakansu ba. Makarantu kan kwaso yara a bas a kai su Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909, a zagaya ɗakuna a koma. Da za a sauke yaran nan a Ƙofar Mata a taka da su zuwa Kurmi, da abin da za su riƙe ya ninka.

Abin da ya fi ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya shi ne kayan aikinsu na zubewa a gabansu. Tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, amma a wurare da yawa an kwashe ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, an kafa shaguna. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Gidajen tubali masu zankwaye da rufin azara suna faɗuwa da damina, a mayar da su na bulo, kuma ba za a zargi mai gida ba, don yaɓe duk shekara kuɗi ne, maginan gargajiya kuma sun yi ƙaranci. Sai ya zama ɗan jagora na yawan cewa "a da a nan akwai", yana nuna shagon sayar da kati. Baki na iya riƙe labari, amma baƙo da idonsa ya zo.

Akwai kuma rabin birnin da ɗan jagora namiji ba shi da ikon nunawa. Iyakarsa zaure. Abin da ke bayan "Ba Shiga", wato tsakar gida inda ake ƙullin zanen da marina ke rinawa, ake ɗinkin hula, ake suyar ƙosai da yin alkaki da dubulan da yara ke fita da su talla, duk mace ce kaɗai za ta iya shigar da baƙuwa ta gani. Yanzu abin da ake yi shi ne ya tsaya a waje ya aika yaro ya kira matarsa ko ƙanwarsa ta karɓi baƙin mata, ta shiga da su, ta fito da su, sau da yawa ba tare da an ware mata nata kason ba. 'Yan matan cikin gari da suka yi karatu, suke jin Turanci ko Larabci ko Faransanci, suna da abin da za su shiga sana'ar da shi wanda maza ba su da shi, kuma baƙi mata, na gida da na waje, sun fi sakin jiki su yi tambaya a hannun 'yar'uwarsu.

Wajen ƙarshen zagaye, gwanayen kan ja baya su ce wa baƙo ya wuce gaba, ya kai su Ƙofar Mata daga bakin masallaci, ko ya nuna ta inda za a ɓulla Mandawari. In ya karkace ba a yi masa gyara nan take, sai ya tsaya ya yi sallama ya tambayi mai shago da 'yar Hausar da ya tsinta da safe. Daga nan sai bayanin zaman gari, wanda ba ya cikin kowane littafin tarihi: hatsi a Dawanau, atamfa a Kwari, kayan masarufi a Singa, kayan miya a 'Yankaba, kayan marmari a 'Yan Lemo, a kuma daidaita kuɗin adaidaita kafin a shiga. Sai su yi musayar lambar waya. Kiran da ke biyo baya galibi ba na tarihi ba ne, na neman ɗakin haya ne, ko tela mai cika alkawari, ko wanda zai raka mutum asibiti ya yi masa tafinta.